Gwajin Ciwon Hanta Nau'in B: Abin da Layuka Biyu Suka Faɗa da Abin da Ba Su Faɗa Ba

Daga cikin gwaje-gwajen jinin da suka zama ruwan dare a asibitoci da ɗakunan gwaji na arewacin Najeriya da kudancin Nijar, da wuya a sami wanda ya kai gwajin ciwon hanta nau'in B sauƙin yi, kuma da wuya a sami wanda ake yi wa gurguwar fahimta kamarsa. Ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, a ɗiga shi a kan wani siririn tsinke, a jira minti 15 zuwa 20, sai ko dai layi ɗaya ya fito ko layuka biyu. Amma a kan waɗannan layuka biyu ana fasa aure, ana hana mutum aiki, ana ware masa kwano da kofi a gidan ubansa, alhali shi gwajin bai faɗi ko ɗaya daga cikin abubuwan da aka yanke wa mutumin hukunci a kansu ba. Matsayar wannan maƙala ita ce gwajin yana da matuƙar amfani, ya ma kamata a faɗaɗa shi fiye da yadda ake yi yanzu, amma da sharaɗin ya zama matakin farko na kula da mutum, domin a halin da ake ciki galibi ana amfani da shi ne wajen tace jama'a kawai, a sallami wanda aka samu da ƙwayar ba tare da an gaya masa inda zai nufa ba.

Kafin a shiga batun gwajin, ya dace a fayyace cutar da ake nema. Hanta ita ce gaɓar da ke tace jinin da ya taso daga hanji, ta sarrafa abinci da magunguna, ta kawar da guba, ta kuma ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Ciwon hanta nau'in B kuwa, wanda likitoci ke kira hefatitis B, kumburi ne da wata ƙwayar cuta ta jinsin bairas ke haddasawa idan ta shiga hantar ta yi zaune. Bahaushe ya daɗe da sanin shawara, wato yanayin da idanu ke komawa rawaya fitsari ya yi duhu, kuma har yau mutane da yawa suna ɗaukar ciwon hanta da shawara abu ɗaya ne, ta yadda duk wanda idonsa fari ne tas ba ya kawo wa ransa cewa akwai abin da ke damun hantarsa. A nan kuskuren farko yake, domin shawara alama ce da cututtuka iri-iri ke iya kawowa, daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani zuwa amosanin jini zuwa toshewar matsarmama, sannan mafi yawan masu ɗauke da wannan ƙwaya sukan shafe shekara 20 ko 30 idonsu bai taɓa sauya launi ba. A tsawon waɗannan shekaru, a jikin wasu daga cikinsu, hantar takan yi ta yin tabo a hankali har ta taurare ta ƙanƙance, ko kuma ciwon daji ya tsiro a cikinta, kuma sai ciki ya kumbura da ruwa ko an fara aman jini sannan ake garzayawa asibiti, lokacin da abin da likita zai iya yi ya riga ya taƙaita ƙwarai, 'yan uwa kuma sun fara raɗe-raɗin cewa sammu aka yi masa.

Alƙaluman da ake da su sun isa su nuna girman lamarin. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2024 ya ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayar a matsayin cuta mai daɗewa a faɗin duniya, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma mutum miliyan 1.1 ne suka mutu a wannan shekara, galibinsu ta dalilin taurarewar hanta da ciwon dajin da ƙwayar ta jawo. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton shi ne kashi 13 cikin 100 ne kacal na masu ɗauke da ita aka gwada aka gano, masu shan magani kuwa ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018, wanda aka shirya domin auna yaɗuwar cutar ƙanjamau amma aka haɗa da ciwon hanta, ya sami ƙwayar nau'in B a jinin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, yayin da masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Ma'anar wannan a zahiri ita ce, a sahun salla mai manya 25 ana iya sa ran samun mutum 2 masu ɗauke da ƙwayar, kuma zato mafi rinjaye shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ya sani.

Gwajin da ake yi domin gano ko ƙwayar tana jikin mutum a yanzu shi ne wanda ake rubutawa HBsAg a takardun asibiti, kuma abin da yake nema shi ne wani furotin da ya lulluɓe ƙwayar daga waje kamar riga. Tarihinsa ya faro ne daga wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, wanda a farkon shekarun 1960 yake nazarin bambancin jinin al'ummomin duniya, sai ya ci karo da wani baƙon furotin a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya. An wallafa binciken a 1965, bayan 'yan shekaru aka tabbatar cewa furotin ɗin rigar ƙwayar ciwon hanta ce, aka ba Blumberg kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce yanzu Ranar Ciwon Hanta ta Duniya. Abin da ya sa gwajin ke da sauƙi da araha shi ne ƙwayar, idan ta zauna a hanta, takan sa a ƙera wannan furotin fiye da buƙatarta nesa ba kusa ba, rarar ta malala cikin jini, har ɗigo ɗaya ya isa a gan shi. A kan tsinken, layi ɗaya shaida ce kawai cewa kayan gwajin sun yi aiki, ɗayan ne ke nuna an sami furotin ɗin, kuma idan layin shaidar bai fito ba, to gwajin ya ɓaci gaba ɗaya, sai an sake.

Saboda haka abin da layi na biyu ya faɗa jimla ɗaya ce tak: ƙwayar tana jikin wannan mutum a ranar da aka ɗauki jininsa. Bai faɗi yaushe ta shiga ba, bai faɗi ta wace hanya ba, bai faɗi halin da hantar ke ciki ba, bai kuma faɗi ko mutumin yana buƙatar magani ba. Muhimmancin wannan iyaka yana fitowa fili idan aka duba yadda shekarun mutum ke sauya makomar kamuwa, domin babban mutum mai lafiya da ya kamu, a sama da kashi 90 cikin 100 na lokuta, garkuwar jikinsa takan kawar da ƙwayar cikin 'yan watanni ba tare da wani magani ba, amma a cikin jarirai 10 da suka kamu wajen haihuwa, kimanin 9 ƙwayar takan zauna musu har tsawon rai, saboda garkuwar jikinsu ba ta yi ƙwarin gane ta a matsayin abokiyar gaba ba. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ta ce ana kiran cutar mai daɗewa ne idan furotin ɗin ya wuce wata 6 a cikin jini. A ƙasashen da cutar ta yi katutu, irin su Najeriya da Nijar, mafi yawan manyan da gwaji ya nuna suna ɗauke da ita tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same ta, daga uwa ko daga sauran mutanen gida, kuma wannan gaskiya ita kaɗai ta isa ta rushe zargin fasiƙanci da ake yawan jifan su da shi.

Akwai wasu gwaje-gwaje biyu masu kama da wannan a rubuce, waɗanda sau da yawa ke rikita mai riƙe da takardar sakamako. Na farko, anti-HBs, yana auna sinadarin kariyar da jiki ke ƙerawa domin yaƙar rigar ƙwayar, kuma samun sa albishir ne, domin yana nufin mutum ya sami kariya, ko ta hanyar allurar riga-kafi ko ta hanyar kamuwa da warkewa. Na biyu, anti-HBc, yana auna martanin jiki ga cikin ƙwayar, wanda allurar riga-kafi ba ta ɗauke da shi, don haka yana nuna cewa ainihin ƙwayar ta taɓa shiga jikin mutum, ko tana nan har yanzu ko ta tafi. Idan aka haɗa ukun, jama'a sukan kasu gida-gida: mai ɗauke da ƙwayar a yanzu, wanda ya taɓa kamuwa ya warke, wanda allura ta kare, da wanda bai taɓa haɗuwa da ita ba kuma ba shi da kariya, wanda shi ne ya fi buƙatar a yi masa allura ba da ɓata lokaci ba. Wannan ne ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a 2023, ta ba da shawarar a yi wa kowane baligi waɗannan gwaje-gwaje uku aƙalla sau ɗaya a rayuwarsa. Inda aljihu bai kai ga ukun ba, HBsAg shi kaɗai ya isa a fara da shi, muddin aka fahimci cewa layi ɗaya, wato negetif, yana nufin ba a sami ƙwayar ba, amma ba ya nufin mutum yana da kariya.

Wanda aka samu fozitif kuwa, akwai tambaya ta biyu da ta rataya a wuyan likita, wato mene ne ƙwayar take yi wa hantar. Ana amsa ta da gwajin ALT, wani sinadari da ke tsiyayowa cikin jini idan ƙwayoyin halittar hanta suna mutuwa. Da gwajin yawan ƙwayar cutar kanta a jini, wanda ake rubutawa HBV DNA. Da hoton ciki domin duba siffar hantar. Da kuma wani lissafi mai sauƙi da ake kira APRI, wanda ke haɗa sakamakon gwaje-gwaje biyu masu araha, wato sinadarin AST da adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, domin a ƙiyasta yawan tabon da hanta ta yi. Daga nan ne ake sanin wanda ƙwayarsa ke kwance lafiya lau, wanda abin da yake buƙata shi ne a riƙa duba shi lokaci-lokaci, da wanda dole ya fara shan magani. Magungunan da aka amince da su, tenofovir da entecavir, ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba sa tumɓuke cutar daga jiki, amma suna danne ta har hanta ta huta, suna rage haɗarin taurarewa da ciwon daji sosai, kuma galibi ana shan su ne tsawon rai, domin yanke su ba da sanin likita ba yana iya tayar da cutar da ƙarfi. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani, har ta yarda a dogara da ALT ko APRI a wuraren da babu gwajin DNA mai tsada, wanda hakan ya kawar da wani babban uzuri da aka daɗe ana fakewa da shi.

To amma yadda mutane da yawa ke fara jin labarin cutar a jikinsu ya yi hannun riga da wannan tsari. Misali mafi yawa shi ne na magidancin da matarsa ko ƙanwarsa ta yi zubar jini wajen haihuwa, aka ce a kawo masu ba da jini, ya naɗe hannun riga a bakin tagar ɗakin gwaji, aka soki yatsarsa, bayan ɗan lokaci ma'aikacin ya leƙo ya ce, “Malam, jininka ba zai yi ba, a nemo wani.” Idan ya matsa da tambaya a ce masa akwai ciwon hanta, idan bai matsa ba ya tafi yana zaton rukunin jininsa ne bai dace ba, domin hankalin kowa yana kan maras lafiyar da ke kwance, kuma ba a ɗora wa kowa alhakin zaunar da shi a yi masa bayani ba. Hana shi ba da jinin daidai ne, an kare mai karɓa. Amma shi an sake shi da rabin labari, kuma rabin labari shi ne jarin mai maganin da ke yawo a kasuwa da lasifika a kan mota yana alƙawarin mayar da fozitif negetif cikin mako kaɗan. Irin wannan alƙawari yakan yi kama da gaskiya ne saboda dalilin da aka riga aka ambata: baligin da aka gwada yana cikin sabuwar kamuwa, galibi jikinsa ne zai kawar da ƙwayar da kansa, ko ya sha jiƙo ko bai sha ba, sai mai jiƙon ya karɓe yabon. Mai cutar da ta daɗe kuwa, yakan yi ta ɗura wa hantar da ta riga ta gaji haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ya zama an gudu gara an faɗa zago.

Wuri na biyu da gwajin ya sami gindin zama shi ne ƙofar aure. A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaura aure, wadda ta ƙunshi rukunin jinin gado na amosanin jini, da ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C. Manufar abin yabo ce, kuma tana iya zama hanya mafi faɗi ta gano masu ɗauke da ƙwayar tun suna matasa. Haɗarin yana wajen fassarar da iyaye da waliyyai ke yi wa sakamakon, domin da yawa suna auna shi da ma'aunin amosanin jini, inda haɗuwar masu rukunin jinin gado AS biyu ke ɗauke da haɗarin da allura ba ta kawarwa. Ciwon hanta nau'in B yana da riga-kafi mai ƙarfi: idan ɗaya daga cikin masu neman aure yana ɗauke da ƙwayar ɗayan kuma ba ya ɗauke da ita, allura 3 da ake yi cikin wata 6 suna ba mafi yawan masu lafiya kariya mai ɗorewa, ana kuma iya tabbatar da kariyar da gwajin anti-HBs kafin tarewa, 'ya'yan da za a haifa su ma akwai hanyar kare su. Auren da aka fasa saboda layuka biyu bai rage masu cutar ko da mutum ɗaya ba. Abin da ya haifar kawai shi ne darasi ga na baya cewa su nemi takardar boge ko su tafi a ɗaura a wani gari, wanda shi ne ainihin abin da zai sa cutar ta shiga gida a ɓoye.

Irin wannan gurguwar fahimta ce ke sa a ware wa mutum kwano, a ƙi yin musabaha da shi, a ce guminsa yana yaɗa cuta. Ƙwayar ba ta bin abinci ko ruwan sha ko tari ko runguma, kuma ba a hana uwa mai ɗauke da ita shayar da jaririnta. Hanyoyinta su ne jini da ruwan jikin da ke fita wajen saduwa: haihuwa, allura ko sirinjin da aka maimaita, ƙarin jinin da ba a tace ba, da duk wani kaifi da ya taɓa jinin wani ya koma jikin wani. Tunda ƙwayar tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a wajen jiki, abubuwan da suka cancanci a sa musu ido su ne askar wanzami wajen aski da kaciya da tsaga da ƙaho da cire beli, almakashin mai yankan farce da ke zagaye majalisu daga hannu zuwa hannu, da reza ko buroshin haƙoran da 'yan gida ɗaya ke yin tarayya a kai. A fagen aiki ma, mai ɗauke da ƙwayar ba barazana ba ne ga abokan ofis ko ɗalibai, kuma akwai abin koyi daga ƙasar Sin, wadda ke da masu cutar fiye da kowace ƙasa, wadda bayan shekaru na korar matasa daga makarantu da ma'aikatu ta haramta yin wannan gwaji a matsayin sharaɗin shiga makaranta ko ɗaukar aiki a 2010.

Idan ana neman wurin da ɗigon jini ɗaya zai fi yin amfani, to ɗakin awon ciki ne. Tunda kamuwa a jarirantaka ce ke haifar da mafi yawan cuta mai daɗewa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu tun suna yara taurarewar hanta ko ciwon daji ne ke zama ajalinsu idan ba a kula da su ba, duk mai cikin da aka gano tana ɗauke da ƙwayar dama ce ta yanke silsilar da ta biyo daga kaka zuwa uwa zuwa jika. Matakan sanannu ne: a ba ta tenofovir a watannin ƙarshe na ciki idan ƙwayar ta yi yawa a jininta, a yi wa jaririn allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sannan a cika sauran alluran jarirai a kan lokaci. Taiwan ta fara yi wa jariran irin waɗannan uwaye allurar riga-kafi a 1984, ta faɗaɗa zuwa dukan jarirai a 1986, kuma cikin shekara 15 yawan yara masu ɗauke da ƙwayar ya sauko daga kusan kashi 10 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1, ciwon dajin hanta a tsakanin yara ma ya ragu. Najeriya ta shigar da allurar cikin riga-kafin jarirai a 2004, wanda ke nufin mafi yawan waɗanda aka haifa kafin wannan shekara, kuma da yawansu su ne iyayen yau, sun tashi ba tare da ita ba.

A ƙasar Hausa wannan awa 24 tana cin karo da al'ada ta fuska biyu. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 39 cikin 100 ne na haihuwa ke faruwa a asibiti a faɗin ƙasar, a arewa maso yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Sauran a ɗaki ake yin su, a hannun ungozoma ko uwar miji. Sannan mai jego da jaririnta ba kasafai suke fita ba kafin ranar suna, wato kwana na bakwai, wani lokaci sai bayan arba'in, kuma kafin lokacin wanzami ya riga ya zo ya yi nasa aikin. Ba a buƙatar yaƙi da wannan al'ada, abin da ake buƙata shi ne uwa ta san matsayinta tun da cikin, miji ya sani, ungozoma ta sani, ta yadda ko dai a shirya haihuwa a asibiti, ko a kai jaririn cibiyar lafiya a ranar farko, ko ma'aikacin riga-kafi ya biyo shi gida da allurar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma macen da ba a gwada ba sai bayan ta haihu ta riga ta rasa mafi tsadar damar da take da ita.

Akwai masu ganin cewa faɗaɗa gwaji a ƙasar da talaka ke biyan kuɗin kowane magani daga aljihunsa ɗora wa mutane fargaba ce kawai, kuma wannan hujja ba abin rainawa ba ce, musamman idan aka lura da wani abin mamaki: tenofovir yana cikin haɗin maganin da ake ba masu ƙanjamau kyauta a asibitocin gwamnati, amma mai ciwon hanta shi kaɗai galibi sai ya saya, ya kuma biya kuɗin gwaje-gwajen bibiya. Sai dai wannan hujja ce ta neman a sauke farashin magani da na gwajin mataki na biyu, a shigar da su cikin inshorar lafiya ta jihohi, ba ta barin mutane cikin duhu ba. Ko kafin a kai ga magani, sanin matsayi yana da fa'idodin da ba sa cin kuɗi mai yawa: a gwada mata da 'ya'ya da 'yan uwa na ciki ɗaya, a yi wa marasa kariya allura, mai ɗauke da ƙwayar ya nisanci giya da jiƙe-jiƙe da shan magani barkatai, ya kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, domin gubar wannan fumfuna, wadda ake kira aflatoksin, idan ta haɗu da ƙwayar tana ninka haɗarin ciwon dajin hanta.

Ingancin gwajin shi ma abin lura ne. Mafi yawan tsinkayen an ƙera su ne domin a adana su a yanayin da bai wuce digiri 30 ba, alhali zafin Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ko Maiduguri yana haura 40, don haka tsinken da ya kwana watanni a shagon kemis mai rufin kwano, ko wanda wa'adinsa ya wuce, ba abin da za a gina hukunci a kansa ba ne. Furotin ɗin kuma ba ya bayyana a jini sai bayan kimanin wata guda da kamuwa, wani lokaci fiye da wata biyu, saboda haka wanda allurar wani ta soke shi jiya ba zai sami amsa daga gwajin yau ba. Haka kuma wanda aka yi wa allurar riga-kafi kwanan nan yana iya nuna fozitif na 'yan kwanaki, domin allurar da wannan furotin ɗin aka yi ta. Duk sakamakon da za a ɗora aure ko aiki ko magani a kansa ya cancanci a tabbatar da shi a ɗakin gwajin da aka amince da shi.

A 2016 ƙasashen duniya, har da Najeriya da Nijar, suka amince da burin rage sababbin kamuwa da ciwon hanta da kashi 90 cikin 100 da rage mace-mace da kashi 65 cikin 100 kafin 2030, kuma burin ya rataya ne a kan gano kashi 90 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar. Tazarar da ke tsakanin 13 da 90 ba za ta cike da gangamin rana ɗaya a watan Yuli ba, inda ake kafa rumfa a gwada ɗaruruwan mutane a ɗauki hoto a watse. Tana buƙatar gwajin ya zama kyauta kuma dole a kowane awon ciki, kowane wurin da ake soke yatsa ya kasance yana da sunan asibiti da ranar ganin likita da zai rubuta wa wanda aka samu, limamai da waliyyai su san cewa akwai allurar da ke kare amarya ko ango, kuma a daina neman sakamakon a wajen ɗaukar aikin da bai shafi taɓa jinin mutane ba. Mafi sauƙin gyaran ma ba ya buƙatar kasafin kuɗi, domin yana bakin tagar nan ta ɗakin gwaji, inda ma'aikacin zai iya jan magidancin gefe ya ce masa, “Malam, an sami ƙwayar ciwon hanta a jininka, kuma ba ta hana ka cin tuwo kwano ɗaya da iyalinka. Ga takarda ka kai wa likita ya duba hantar, kada ka sha komai kafin ka gan shi, ka kuma kawo maiɗakinka da yara a gwada su.”